Zaman Iyali: Kaka Ta Manta Sunanmu, Amma Ba Ta Manta Waƙa Ba

Wata 'yar'uwa ta aiko mana da wasiƙa daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, mun kuwa yarda. Zancen uwar mijinta ne, tsohuwa wadda ake ƙiyasta ta haura shekara 80. Yau shekara uku ke nan da ta fara mantuwa. Da fari kuɗi take ajiyewa ta manta inda ta sa. Yanzu kuwa sai ta ci tuwo ta ƙoshi, a ɗauke kwano, ta leƙa wurin maƙwabta ta ce tun jiya ba a ba ta kome ba. Ɗanta na cikinta, da sunan wanta da ya rasu tuntuni take kiransa. Da rana ta yi gora sai ta ɗaure tsummokaranta ta ce za ta gidan ubanta, gidan da ta bari fiye da shekara 60 da suka wuce. Sau ɗaya sai a kan hanyar Sara aka tsinto ta, ba takalmi.

Abin da ya sa aka rubuto mana shi ne wannan. Ran nan matan Zumunta suka zo gaishe ta. Da suka ga ba ta gane su ba, sai ɗayarsu ta ɗauko wata tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi. Kafin a kai ƙarshen layi na biyu tsohuwa ta kama. Ta rera aya biyar ba tuntuɓe, har da wata aya da matan suka saba tsallakewa. Da aka gama ta dubi matar ɗanta, ta kira ta da sunanta, ta ce, "Ke, ba za ki kawo wa baƙi ruwa ba?"

Murna ta cika gidan, amma ba ta kwana ba. Da dare maigida ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Wanda ya iya riƙe aya biyar a kansa, ya manta ya ci tuwo? Da gangan Iya take yi domin ta kunyata mu." Ya ce daga yanzu in zai fita gona zai kulle ta a ɗaki. A waje kuma waɗansu sun fara raɗa, suna cewa ai wannan fitar dare ba ta banza ba ce. 'Yar'uwarmu tana tambaya: da gangan ne, ko kuwa wani abu ne ya shige ta?

Amsarmu gajeriya ce, sa'an nan mu yi bayani. Ba da gangan take yi ba, ba kuwa abin da ya shige ta. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido ciwo ce a ido. Waƙar nan da ta rera ba ta ƙaryata ciwon ba. Likitoci sun daɗe da sanin haka yake yi.

Mu Hausawa muna ce da shi gigin tsufa, likitoci kuwa suna ce da shi dimenshiya. Sunan namu yana da ɗan lahani, gama yana sa mutum ya zaci duk wanda ya tsufa lalle ya gigice. Ba haka ba ne. Kowa ya san tsoho mai shekara 90 wanda zai lissafta maka iyakar kowace gona a ƙauye da sunan wanda ya sare ta. Mantuwar tsufa ita ce ka manta inda ka ajiye hula. Wannan ciwo kuwa shi ne ka riƙe hular kana juyawa, ba ka san me ake yi da ita ba. Yana da iri iri. Mafi yawansu shi ne wanda aka raɗa wa sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda a shekarar 1906 ya ba da labarin wata mace da ya yi jiyya a birnin Farankfot, ya kuma duba ƙwaƙwalwarta bayan ta rasu ya ga ɓarnar da idonsa. Wani irin kuma daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini yake zuwa, abokin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ciwon, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke.

A ƙasarmu ma an ƙirga. A 1992 likitocin Ibadan suka haɗa kai da na Indiyanafolis a Amurka suna gwada tsofaffi. Suka tarar a Ibadan wajen mutum 2 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama ke da ciwon, a cikin baƙaƙen fata na Indiyanafolis kuwa wajen 8. A Zariya an yi irin wannan ƙirga aka buga a 2011, aka sami kusan 3 cikin 100. Ga ido kaɗan ne. Amma ku lissafta tsofaffin da ke Gwaram da Basirka da Fagam da Birnin Kudu, za ku ga gidajen da wannan abu ya shiga ba za su ƙirgu da yatsu ba. Yawancinsu kuwa shiru suke yi saboda kunya.

To, yaya aka yi tuwo ya ɓace, waƙa ta tsaya?

Ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya ba ce. Manomi mai hankali yakan zuba gero a wannan rumbu, dawa a wancan, gyaɗa a tukunya cikin ɗaki. In gara ta shiga, rumbu ɗaya take fara ci. Haka wannan ciwo. Wurin da yake fara ci shi ne inda ake shigar da sabon abu: me na ci ɗazu, wa ya zo jiya, yau wace rana. Shi ya sa tsohuwar nan take faɗin gaskiyarta sa'ad da ta ce ba ta ci ba. Cin ya wuce ciki, amma bai shiga rumbu ba. Waƙar da mutum ya rera sau ɗari ɗari tun yana yaro kuwa, a wani wuri dabam take kwance, kusa da inda ake ajiye abin da jiki ya saba yi ba tare da tunani ba, kamar daka da saƙa da tuƙa keke. A 2015 masana a birnin Laifzig na Jamus suka buga wani bincike. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane masu lafiya suna sauraron waƙoƙin da suka daɗe da sani, suka ga wuraren da ke motsi. Da suka duba waɗannan wurare a ƙwaƙwalwar masu ciwon Alzheimer, sai suka tarar suna cikin wuraren da ciwon bai yi wa ɓarna sosai ba.

Ga kuma wani abu da kowane mai waƙa ya sani. Waƙa tana jan kanta. Murya ta kawo kalma, kalma ta kawo ta gaba, kamar mai jan guga: in ka kama bakin igiya, sauran yana biye. Mu da kanmu, in aka ce mu faɗi aya ta uku ta wata waƙa da baki kawai, sai mun koma mun rero ta daga farko.

Ba a ƙauyenmu kaɗai aka ga wannan ba. Wani mawaƙin Amurka, Tony Bennett, likitoci sun tabbatar masa da ciwon a 2016. A watan Agusta na 2021, yana da shekara 95, ya hau dandali a birnin Niyok ya rera waƙoƙinsa a gaban dubban mutane. Bayan 'yan kwanaki aka tambaye shi, bai tuna an yi taron ba. Ɗan'uwanmu na Gwaram ya lura da wannan. Ba wanda ya ce Baturen nan da gangan yake yi.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. In aka riƙa yin waƙa da su kullum, kamar darasi, tunaninsu zai ƙaru?

An gwada. Gwajin da aka fi ambata shi ne na birnin Helsinki a ƙasar Finlan, wanda Teppo Särkämö da abokan aikinsa suka buga a 2014. Sun ɗauki tsofaffi 89 masu ciwon da bai yi nisa ƙwarai ba, kowane da mai kula da shi, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na fari aka koya musu rera waƙoƙin da suka sani tare da masu kula da su. Kashi na biyu sauraro suke yi, sa'an nan a yi hira a kan abin da waƙar ta tuna musu. Kashi na uku aka bar su yadda suke. Mako 10 aka yi, sau ɗaya a mako, ana kuma ba su aikin gida. Aka gwada su kafin a fara, da bayan an gama, da bayan wata 6. Masu rerawa da masu sauraro duka sun fi sakin rai, sun fi sanin inda suke, sun kuma fi tuna al'amuran dā. Masu rerawa sun sami ƙari: riƙe abu a kai na ɗan lokaci ya gyaru, masu kula da su ma nauyin zuciyarsu ya ragu. Da aka sake duba lissafin daga baya, sai aka ga rerawa ta fi amfanar waɗanda ciwonsu ke farawa, sauraro kuwa ya fi dacewa da waɗanda ya yi nisa da su.

Amma kada mu sayar muku da abin da ba mu da shi. A 2018 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike, ta haɗa gwaje-gwaje 22 na kiɗa da waƙa ga masu wannan ciwo ta auna su gaba ɗaya. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne waƙa tana rage baƙin ciki, tana kuma gyara hali. A kan tunani kansa, amfanin kaɗan ne, ko ma babu. Waƙa ba ta warkar da ciwon, ba ta kuma tsai da shi. Duk wanda ya zo muku da kaset ko kwalba ya ce zai komo da tunanin tsohonku in kun biya, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi. A ganinmu dai, rabin sa'a na kwanciyar rai kowace yamma ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ya shekara uku bai yi barci sosai ba. Ko Dawuda da ya kaɗa wa Sarki Saul garaya, sauƙi Saul ya samu na wannan lokaci, aka kuma sake kiran Dawuda wata rana.

Yanzu ga yadda za a yi a gida, ba tare da an kashe ko kobo ba.

Abu na fari, a nemo waƙar da ta dace. Masana tunani sun lura abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi kafuwa. Wanda aka haifa a 1945, waƙoƙinsa na tsakanin 1955 da 1975 ne. Sabbin waƙoƙin matasa na majami'a, kome daɗinsu, baƙi ne a gare shi. A koma tsofaffin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, a kuma rera su da muryar da aka saba a wancan zamani, a hankali. Kada a tsaya nan. Tsohuwa ta yi gaɗa a dandali tana budurwa, ta yi waƙar niƙa a bakin dutse, ta yi waƙar daɓe da ta reno. Tsoho ya yi gayya da gangar noma a bayansa, ya kuma zauna gindin rediyo ya ji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ko Haruna Uji da gurminsa. Ba mu ga laifi ba a yi masa waƙar noma mai tsabta wadda za ta tuna masa gonar ubansa. Waɗanda suka fi sanin waɗannan waƙoƙi su ne sa'o'insu da suka rage. A je a tambaye su tun suna nan, a sa wani ɗan makaranta ya rubuta a littafi.

A lura da harshe kuma. A wannan yanki namu akwai tsofaffin da Hausa ba ita suka sha a nono ba. Wani Warjanci ya fara ji, wata Fulatanci. Sau da yawa in ciwon ya yi nisa, harshen da aka koya daga baya yakan zube, na uwa ya rage. Jikokin da suka tashi da Hausa kaɗai sai su ce Kaka tana sambatu, alhali magana take yi sosai da harshen uwarta. A nemo mai jin harshen ya zo ya yi mata waƙa da shi.

Na biyu, lokaci. Da yawa daga masu wannan ciwo da yamma suke rikicewa, sa'ad da haske ya fara ja. Kada a jira sai ta ɗaure kaya ta nufi ƙofa. Tun la'asar sakaliya a shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kullum, mutum biyu ko uku su zauna inda za ta ga fuskarsu, a fara da waƙa ɗaya wadda ba a sākewa. Minti 20 zuwa 30 ya isa. A ba ta abin yi da hannu: tafi, ko ƙwarya da ɗan ludayi, ko shantu in ta saba. In ta kama waƙar, ku rage murya ku bar ta ta ja gaba. In ta ɓata kalma, a wuce. Ba jarrabawa ake yi ba, kada kuwa a ce mata, "Kaka, kin tuna wannan?" Wannan tambaya kunya take jawo mata. A fara rerawa kawai.

Wanka ma yakan zama yaƙi a gidaje da yawa. A ƙasar Suwidin wata ma'aikaciyar jiyya, Eva Götell, ta bincika abin da ke faruwa in mai jiyya yana rera waƙa sa'ad da yake yi wa mai ciwon wanka da sa tufafi, ta ga gardama tana raguwa, haɗin kai yana ƙaruwa. Uwayenmu sun san wannan dabara a kan jarirai tun dā. A gwada ta a kan wadda ta rene mu.

Na uku, a dubi fuska. Waƙa tana buɗe ƙofar daɗi, tana kuma buɗe ta baƙin ciki. Wata waƙa ita aka yi ran da aka binne ɗanta. Hawaye kaɗan ba kome, a riƙe hannunta. In ta firgita ko ta fara neman tashi, a sāke waƙa, a kuma rubuta wannan a gefe kada a maimaita.

Rediyo da waya suna da amfani in ba mai zama. Amma a bar wa tsoho rediyo tana ta surutu daga safe har dare, wannan hayaniya ce, ƙara ruɗa shi take yi. Bari mu faɗi wata magana a nan wadda wataƙila ba za ta yi wa matasanmu daɗi ba. Lasifikar da ake murɗawa har ƙarshe ran Lahadi ta kori tsofaffi da yawa daga sujada. Mai wannan ciwo ba ya iya raba ƙara da magana, sai tsoro ya kama shi. A Ingila, ƙungiyar masu kula da ciwon Alzheimer ta daɗe tana tara tsofaffi da iyalansu a zaure su yi waƙa tare, a da'ira, ba hayaniya. Mu da muke da Zumuntar Mata da ƙungiyar mawaƙa a kowace ikilisiya, me zai hana mutum huɗu su ɗauki yamma ɗaya a mako su zaga gidajen irin waɗannan tsofaffi? Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da nasu. Sau nawa aka ga tsoho bai san 'ya'yansa ba, amma aka ja masa karatun da ya haddace a makarantar allo ya kama? In maƙwabciya ta kawo kukanta, a gaya mata ta nemi abin da tsohonta ya saba ji tun yana yaro.

Kiɗa kuwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A duwatsun Birnin Kudu, kusa da zanen shanun nan na mutanen dā, akwai duwatsu masu amo waɗanda in an buga su da ɗan dutse sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a shekarun 1950. Ramukan da bugu ya yi a jikinsu suna nan har yau.

Waɗansu sukan sa abin da suke so tsoho ya riƙe a cikin muryar waƙar da ya sani, kamar sunan ƙauyensu ko na ɗansa. Wani gwaji a Boston a 2010 ya nuna masu ciwon sun fi gane kalmomin da aka rera musu fiye da waɗanda aka faɗa da baki. A gwada, ba laifi. Amma kada a dogara da shi a kan abin da ya shafi rai. A rubuta sunan ƙauye da lambar wayar maigida a ƙyalle a ɗinke a jikin zanenta, a kuma gaya wa maƙwabta da mai unguwa gaskiyar ciwonta, domin wanda ya gan ta a hanya ya komo da ita. Faɗin gaskiyar nan shi ne maganin raɗar da ake yi. A wurare da yawa a ƙasarmu an jefi tsofaffin mata da maita, an wulakanta su, alhali ciwo ne ya fitar da su da dare. Tsohuwar da ba ta san ta ci tuwo ba, in taro ya kewaye ta yana ihu, kome aka tambaye ta za ta amsa da "i".

Kulle ta a ɗaki kuwa ba mu goyi bayansa ba ko kaɗan. Tsoro zai ƙaru, ihu zai ƙaru, ga hatsarin faɗuwa da zafi da ƙishirwa. A sa sakata a ƙofar gida ta waje, a bar mata tsakar gida.

Kafin duk wannan, a kai ta asibiti ko sau ɗaya. Akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kudu, in ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa kuma za su tura ku Kano. A auna jininta da sukari, a duba kunne da ido, gama wani tsoho kurumta ce ke damunsa aka ce ya gigice. In kuwa ruɗewa ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ta ƙaru ba zato, wannan ba lokacin waƙa ba ne. Zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko shanyewar jiki na iya kawo haka, a hanzarta a tafi a ranar.

Mun aika wa 'yar'uwarmu da wannan amsa tun kafin a buga ta, ta kuwa sake rubutowa. Maigidan bai ce kome ba da aka karanta masa, amma bai sayi kwaɗon ba. Jikoki sun rubuta waƙa 14 a littafi. Tsohuwa ta fita sau ɗaya a cikin watan, maƙwabci ya komo da ita tun ba ta bar unguwa ba. Har yanzu tana cewa ba a ba ta tuwo ba, sai a ce, "To, Iya, ga shi nan zuwa," a miƙa mata ɗan kunu. Uku daga cikin waƙoƙin da Warjanci suke, ba kuwa mai jinsa sosai a gidan. Suna neman wanda zai fassara musu. Mai iyawa ya rubuto mana, za mu haɗa su.